Koren Katin Radiyya

Mai gidan burodin da ke ƙasan benen ya riga ya san su. Da ya hango Madam Lin, mai cibiyar yaran da ke saman benen, ta nufo shagonsa da rana tsaka, ba ya tambayar me take so, sai dai ya tambayi sunan da za a rubuta a kai. Kek ɗin bankwana ne, kullum iri ɗaya, fari da yankakken mangwaro a sama. Da yake mutumin Musulmi ne ɗan arewacin China, kowa na ci ba tare da tsayawa bincike ba. Lauratu, ɗaya daga cikin malaman cibiyar, ta ci kek ɗin nan har ya fita daga ranta.

Wurin aikinsu yana saman wani tsohon bene ne a bayan unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, ɗakuna uku da falo, an shimfiɗe ƙasan da katifun roba masu launi. Yara ake kawowa masu lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda mutanenmu a gida suke yi wa kuɗin goro da sunan galahanga, sunan da Lauratu ba ta ƙauna ko kaɗan. Aikin kuwa ABA ake ce masa, kuma in ka cire turancin da ke jikinsa ba komai ba ne illa haƙuri da aka yi wa tsari. A ɗauki abu guda da yaro bai iya ba, kamar sa takalmi ko neman ruwan sha, a gutsuttsura shi ƙanana-ƙanana, a kama hannunsa a nuna masa, in ya yi a yaba masa nan take, a sake, a kuma sakewa, har ran da zai yi da kansa. A baki abu mai sauƙi. Je ka yi shi daga safe zuwa la'asar a durƙushe, da yaron da ke kai cizo in ransa ya ɓaci, sannan ka dawo mu yi magana.

Shi ya sa malaman ba sa daɗewa. Yarinya za ta zo da takardar digirinta da fara'arta, ta yi shekara, wata ma ba ta kaiwa, sai ka ga ido ya faɗa, murmushi ya zama na dole. Daga nan sai kek. Wata ta koma sayar da kayan kwalliya a intanet, wata ta koma garinsu, wani saurayi kuma da kowa ya ɗauka a aikin zai tsufa ya kama tuƙin tasi, yana turo musu hotonsa har da kumatu.

Lauratu 'yar Fagge ce, karatu ya kawo ta China, aiki ya riƙe ta. In ka cire Madam Lin mai cibiyar, ita ce mafi daɗewa a wurin, ita ce kuma kaɗai mai jin Hausa. Wannan na biyun shi ya jawo mata farin jini, shi kuma ya zame mata jidali. Duk wata uwa daga Kano har Yamai mai irin wannan yaro a Guangzhou tana da lambarta. Kai, har waɗanda ba su taɓa taka China ba suna da ita, an ba su a gidan biki ko a cikin jirgi. Saƙon murya ke shigowa wayarta ba dare ba rana: Malama ya ƙi cin abinci, Malama ta fasa talabijin, Malama don Allah ki ɗan leƙo mu ran Lahadi. Ita kuma ba ta iya cewa a'a ba. Da waya a kunne take cin abinci, da ita take wanke-wanke, kuma duk wadda ta amsa wa sai ta bi ta da addu'a mai tsawo wadda ke sa mutum jin kunyar ƙin amsawa gobe.

Amma ba wayar ce ta tsorata ta ba, ba kuma tabon haƙoran da ke damtsenta ba, ba ma ranar da barci ya kwashe ta a jirgin ƙasa da safe ta wuce tasharta har sai da mai shara ya tashe ta a ƙarshen layi ba. Muryarta ce. A aikin nan yabo shi ne jari. Yaro ya yi daidai, ka ce masa madalla, kuma dole madallar ta fito daga ciki, don yaran nan ko ba sa kallon fuskarka suna jin ƙarya a murya fiye da kowa. Da can madallar Lauratu har ɗakin kusa ake jin ta, abokan aikinta 'yan China ma sun ara suna yi wa nasu yaran. Wata safiya ta faɗe ta, sai ta ji muryar ta fito kamar ta matar nan ta lasifikar jirgi mai sanar da sunan tasha. Ta sake gwadawa, haka dai. Ta san abin da ke biyo bayan wannan, don ta gani a fuskar duk wanda aka yanka wa kek.

Da ita kaɗai ce, da tuni ta tattara ta yi gaba. To, akwai Radiyya.

Radiyya 'yar Alhaji Maidaji ce, mutumin Maraɗi mai loda takalma daga kasuwar Zhanxi Lu zuwa gida. Shekararta shida, doguwa siririya, ba ta kallon mutum a ido, kuma babu abin da take so a duniya kamar jera murafen kwalba bisa launinsu. Kafin Lauratu ta karɓe ta, malamai sun yi ta sauyawa a kanta. Duk wadda ta tafi, sai yarinyar ta shige ƙarƙashin tebur ta daina cin komai sai busasshen biskit, abin da aka sha wuya aka koya mata ya zube, a dawo farko. Mahaifiyarta, Hajiya Mas'uda, ta taɓa ce wa Lauratu ita fa in ta ga kwalin kek a falon nan gabanta faɗuwa yake yi.

Lokacin da Radiyya ta zo hannun Lauratu, in aiki ya ishe ta goshinta take bugawa a ƙasa, don ba ta da wata hanyar cewa ta gaji. Sai Lauratu ta yi mata kati. Kore ne, bai kai tafin hannu ba, an zana tabarma a jiki, an rufe shi da leda mai kauri saboda haƙora. Da ta ga yarinyar ta fara lilo da jiki, sai ta kama wuyan hannunta a hankali, ta ɗora shi kan katin, ta ɗago shi ta sa a nata tafin, ta ce, "Hutu." Nan take ta ture kayan aiki gefe, ta nuna mata tabarmar da ke kusurwa, ta lulluɓa mata bargon nan mai nauyi da take so, ta ce madalla.

Dokar katin ɗaya ce, Madam Lin kuma ta fi kowa zafi a kanta: duk wanda aka miƙa wa katin, ya tsaya. Ko ana tsakiyar abu, ko saura ƙiris a gama, ko yanzun nan aka dawo daga wani hutun. Ran da ka ce bari mu ƙarasa wannan tukuna, ka kashe katin, yaro kuma zai koma buga kai, tunda shi dai bai taɓa ba shi kunya ba. Watanni aka yi ana kama hannun Radiyya kafin ran nan ta miƙo katin da kanta. Tun daga ranar goshinta ya warke.

Wannan warkewar goshin ce ta jawo maganar. Alhaji Maidaji mutum ne mai tumbi da dariya, wanda in ya ji daɗin abu sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya sa aka gayyato Lauratu cin abincin rana a gidansu. Hajiya Mas'uda ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da ta yo guzuri daga gida, ga kilishi an baje a faranti. Ana cikin ci Alhaji ya goge hannu, ya gyara zama.

"Bon, Malama. Abin da kinka yi ma ɗiyata, ni ban da bakin godiya. Kullum ina tunani, mi zan yi ma wannan baiwar Allah? Sai na ce, to, bari in hidda ta daga wahala. Ke da kin iya yaren Shinuwa, mutanen ƙasan ga, kamar a nan anka haihe ki, mi ya kai ki rarrafe da yara a ƙasa? Ki zo ki riƙe mini ofis ɗin kago, inda muke lodin kaya. Kujera mai juyawa, ga sanyi, Asabar da Lahadi naki ne. Takalmi kuwa bai cizo."

Ya ƙyalƙyale da dariya, yana jiran a taya shi. Ludayin da ke hannun Hajiya Mas'uda ya koma cikin miya da ƙarfi.

"Alhaji, kanka ɗaya kuwa?"

"Mi na yi kuma? Alheri nike mata."

"Malamar ɗiyarka za ka ɗauke ka kai ta ƙirgan kwali? In ta tahi, wa za ya riƙe Radiyya? Kai?"

Wallahi tunanin Alhaji bai kai nan ba. Shi dai a iya saninsa, babbar kyautar da ɗan kasuwa zai yi wa mutum ita ce ya jawo shi kasuwa, haka ubangidansa ya yi masa, haka shi ma ya yi wa wasu. Bai taɓa kawowa a ransa cewa wasan murafen kwalba ma sana'a ce da ake barin gurbi a cikinta ba.

Hajiya ta juyo wajen Lauratu tana murmushi, tana jiran ta yi dariya ta ce ai Alhaji wasa yake. Lauratu ta dubi tuwon da ke gabanta. Kujera mai juyawa. Asabar da Lahadi. Ta ji bakinta ya ce, "Zan yi tunani, Alhaji."

Radiyya na bakin ƙofa tana jera murafenta. Da Hajiya ta rako Lauratu wajen lifta, ta riƙe mata hannu ta jima tana kallon tabon da ke damtsenta.

"Ba ni roƙonki, Malama Laure. Ina da ido, na ga yadda kinka koma. Mu ne munka cinye ki, da ni da sauran. In kin tahi zan yi kuka, amma ba ni jin haushinki."

Da roƙonta ta yi, da abin ya fi sauƙi. Lauratu ta shiga lifta zuciyarta a jagule.

Duk da haka ran Asabar ta bi Alhaji kasuwa, wai don ta gani da idonta. Kuma kada a yi ƙarya, ta ji daɗi. Bene hawa-hawa babu komai sai takalma, kowane shago ya jera samfur wari ɗaya-ɗaya har rufi, ƙarar salatif ɗin masu ɗaure kwali ta cika ko'ina, Hausa na tashi ta kowace kusurwa har ka rantse Kantin Kwari kake. Alhaji na ɗaga silifa ya ce, "Lawban," wato maigida, "baƙi fa?" mai shago ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo, meyo," wato babu. Sai Lauratu ta sa baki da Sinancinta, ta tambayi matar mai shagon jikanta da ke cikin hoto a bango, ta yaba mata shayi, kafin ka ce me sai ga baƙin silifa an fito da shi daga ciki, farashi kuma ya sauko. Mai haƙurin jiran yaro wata da watanni ya miƙo kati, jiran ɗan kasuwa ya sauko ba komai ba ne a wurinta. Ta yi dariya ran nan har cikinta ya ƙulle, ta ci taliyar Musulmin China a tsaye, wayarta na jaka ba ta ko duba ba.

Alhaji kuwa, da ya ga yadda ciniki ke tafiya, faɗan Hajiya ya bi iska. Duk wanda suka haɗu da shi sai ya ce, "Ku gaida sabuwar manajata." Kafin magariba labari ya gama Zhanxi Lu, ya hau jirgi ya sauka Xiaobei, ya shiga gidajen abinci, ya ƙare a shagon mai burodi, inda 'yan kasuwa ke sayen na karin kumallo. Lauratu ba ta san wannan ba. Abin da ta sani shi ne ta yanke shawara: ran Litinin, in ta gama da Radiyya, za ta shiga ofishin Madam Lin ta faɗa mata.

Litinin ta zo da ruwan sama da zafi tare, irin na garin nan da ke sa riga ta manne wa mutum. Radiyya ta shigo ta zauna a gefen dogon bencinsu, ta jera murafenta. Darasin ranar sa takalmi ne, ɗan kambas mai maɗauri da ubanta ya zaɓo mata. Hajiya Mas'uda na falo a bayan gilashin da iyaye ke leƙe ta ciki, ta yi tagumi.

Radiyya ta zura ƙafa. "Madalla," in ji Lauratu. Ta ja dunduniya. "Madalla." Kalmar na fita a bushe. Lauratu na kallon ƙeyar yarinyar, da ɗan kitson da ya fara warwarewa, tana tunanin ƙarƙashin tebur da busasshen biskit, tana tunanin kujera mai juyawa, sai ta ji duka biyun sun yi mata nauyi a wuya. Ba ta san lokacin da ta dafe kai da hannu biyu ba, ta rufe ido, jikinta ya fara ɗan lilo gaba da baya. Ta ce wa kanta numfashi ɗaya kawai za ta ja ta ci gaba.

Sai ta ji 'yan yatsu masu sanyi sun kama mata wuyan hannu.

Ta buɗe ido. Radiyya ba ita take kallo ba, bangon bayanta take kallo kamar kullum. Amma ta riƙe hannun gam, ta ja shi a hankali ta ɗora kan koren katin da ke tebur. Ta matse yatsun Lauratu har suka kama shi. Ta ɗago hannun, ta juyo da shi, ta sa katin a nata ɗan tafin.

"Hutu," in ji Radiyya.

Ta sa hannu ta ture takalmin gefe, har da murafenta da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ta nuna tabarmar kusurwa. Da Lauratu ba ta motsa ba, sai ta kama gefen hijabinta ta ja, irin jan da ba a gardama da shi.

Me za ta yi? Doka ce, kuma ita ta koya mata. Lauratu ta rarrafa ta kwanta kan tabarmar da ba ta ko kai tsawonta ba, ƙafafunta a waje. Radiyya ta jawo bargon mai nauyi da ƙyar, ta lulluɓa mata har haɓa, ta daddanna gefe-gefen yadda ake yi mata. Sannan ta ja da baya, ta buɗe murya yadda duk benen zai ji.

"Madalla!"

Tsohuwar madallar ce, ta Lauratu ta da, mai hawa sama ta faɗo da daɗi, wadda ita mai ita ta nema ta rasa. Ashe tana nan ajiye a bakin yarinyar, ko kaɗan ba ta dusashe ba. Lauratu ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya, hawaye na gangara mata cikin kunne. Ta gilashi ta hango Hajiya Mas'uda ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa, ga Madam Lin a gefenta ta cire tabarau tana gogewa. Radiyya kuwa ta koma benci ta ci gaba da jera murafenta, aikinta ya ƙare. Abin kunya ko abin daɗi, Lauratu dai barci ya ɗauke ta a wurin, kuma babu wanda ya tashe ta.

Da ta farka an yi azahar. Ta yi salla, ta wanke fuska, ta ari katin daga tebur ta nufi ofis. A hanya ta gane abin da ya sha mata kai duk watannin nan. Ita a zatonta ƙofa biyu ce kawai, ko ta ci gaba har ta faɗi, ko ta fita. Ta yi shekaru tana koya wa yara cewa akwai ta uku, bai taɓa zuwa mata a rai cewa babba ma yana iya bi ta nan ba.

Madam Lin na zaune, 'yar ƙaramar mace mai furfura a gaban goshi, ita ma idonta duk ya zurma. A kan teburinta ga farin kwali ɗaure da jan zare. Lauratu ta gane kwalin tun daga bakin ƙofa.

"Na wane ne?" ta tambaya da Sinanci.

"Naki ne, Lala lawshi." Haka suke kiranta, wato Malama Lala. "Da safe mai burodi ya tare ni ya ce wane suna zai rubuta. Ya ce duk unguwa ta san kin zama manajar takalma. Na ce to, in dai tafiya za ki yi, ba zan bari ki tafi ba kek ba."

Lauratu ta kama hannun Madam Lin, ta buɗe tafin, ta sa koren katin a ciki.

Matar ta dube shi ta dubi Lauratu. "Gobe akwai sababbin yara biyu. Kuma ba ni da wanda zai…" Sai ta tsaya da kanta, don ta ji abin da bakinta ke shirin faɗa, kalmar nan ta "bari tukuna" da ta sha korar malamai daga ɗaki saboda ita. Ta rufe yatsunta a kan katin, ta yi wata 'yar dariya mai gajiya. "Hutu," ta ce da Hausarta ta aro. "Daga yanzu. Zauna ki gaya mini irin wanda kike so."

Sun daɗe a ciki. Lauratu ta ce tana son hutu na gaske, wanda ba a kira a tambaye ta inda aka ajiye almakashi. In ta dawo, a rage mata yara, a daina zuwa gida-gida ran Lahadi, a sayi wayar cibiya wadda za ta kwana a cibiya. Ta ce kuma ba ita kaɗai ba, kowane malami a yi masa katinsa, in ya ɗaga wani ya karɓe shi ya sha iska. Madam Lin ta yi ƙorafin haya, ta yi na iyaye masu jira, ta ce sababbin yaran sai dai su ƙara haƙuri, wannan kuma ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma ta ce ta gaji da horar da mutane tana yanka musu kek. Lauratu ta ce ita fa ba ta yi alkawarin har abada ba. Madam Lin ta ce ita ma ba ta taɓa yi ba, kullum na shekara ɗaya take yi wa kanta.

Suka fito da kwalin falo. Hajiya Mas'uda na ganinsa ta miƙe tsaye, fuskarta ta sauya.

"Zauna, Hajiya," in ji Lauratu. "Ci za mu yi kawai. Ba inda za ni, sai hutu."

Hajiya ta yi wata guɗa da ta sa malaman China fitowa daga ɗakuna a guje. Aka buɗe kwalin, ga rubutun bankwana da jan kirim, da sunan Lala a ƙasa. Madam Lin ta sa cokali ta kwashe rubutun tsaf ta ci abinta. Ana cikin rabo sai ga Alhaji Maidaji ya zo ɗaukar iyalinsa, yana haki saboda matakala.

"A'a, har an yi walimar manajata?"

"Manajarka ta ƙi aiki," in ji Hajiya. "Zo ka ci kek ka yi ma Allah godiya da bai biye maka ba."

Da aka ba shi labarin abin da 'yarsa ta yi, sai ya zauna kan wata 'yar kujerar yara da ba ta ɗauki rabinsa ba, ya cire hula, ya yi ta share ido da ita. "Ita da kanta? Ta kama hannun? Bon. Bon." Can ya ɗago. "To Malama, ko Asabar ɗaya a wata? Don baƙin silifa kawai."

"In na ga dama, Alhaji. Kuma kai za ka sayi taliya."

Hajiya Mas'uda ce ta ɗauki nauyin sauran iyaye. A yammacin nan ta aika musu saƙon murya mai tsawo, wanda aka ce har Yamai an saurare shi, ta ce daga yau duk wadda ta kira Malama bayan an tashi aiki, da ita za ta yi. Mai matsala ta kawo ta ƙungiyar iyaye ta waya, ai su ma sun koyi wani abu a shekarun nan, ba zaman banza suke yi a bayan gilashi ba.

Lauratu ta yi hutunta. Ta yi barci har ya gundure ta, ta je bakin kogi ta zauna tana kallon jiragen ruwa ba don komai ba, ta kira mahaifiyarta suka yi hirar da ba ta da kai. Kafin ta tafi sai da ta manna hotonta a bangon ɗakin, kusa da zanen tabarma, aka riƙa nuna wa Radiyya kowace safiya ana ce mata Malama na hutu. Duk da haka ranar komawa gabanta na faɗuwa. A ƙasan bene mai burodi ya leƙo ya tambaye ta ko akwai sunan da zai rubuta, ta ce masa meyo, ta haye sama.

Ta tura ƙofar ɗakin a hankali, idonta ya fara sauka ƙarƙashin tebur. Babu kowa a wurin. Radiyya na kan benci, takalmi a ƙafarta, maɗaurin a karkace amma a ɗaure, tana jera murafe. Ba ta ɗago ba, ba ta juyo ba. Sai dai ta ɗan muskuta gefe, ta janye murafen ja da suka tare wurin, ta bar fili daidai zaman mutum ɗaya.

Lauratu ta zauna. Ta buɗe baki, madallar ta fito da kanta, har aka ji ta a ɗakin kusa.